Bitamin K da maganin warfarin

Bitamin K sinadari ne da hanta ke buƙata wajen haɗa sunadaran da ke sa jini ya daskare idan mutum ya ji rauni. Warfarin kuma magani ne da ake ba masu haɗarin samun gudan jini a jijiya, kamar masu bugun zuciya marar tsari da waɗanda aka sanya wa bawul ɗin ƙarfe a zuciya. Mutane kan kira shi maganin tsinka jini, sai dai sunan bai dace sosai ba: jinin ba ya tsinkewa, daskarewarsa ce kawai ke jinkiri. Da yake warfarin yana aiki ne ta hanyar tauye bitamin K, abin da majinyaci ke ci yana iya ƙara ƙarfin maganin ko ya rage shi.

Tarihi

Masanin ƙasar Denmak Henrik Dam ne ya gano bitamin K a 1929, bayan ya lura kajin da ya ciyar da abinci marar kitse suna zubar da jini. Harafin K ya fito ne daga kalmar Jamusanci mai nufin daskarewa. An ba Dam da Edward Doisy kyautar Nobel ta 1943. Shi kuwa warfarin asalinsa daga binciken Karl Link ne a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, kan shanun da ke mutuwa saboda zubar jini bayan sun ci ruɓaɓɓen harawa. An fara sayar da shi a matsayin gubar ɓera a 1948, aka amince a ba mutane a 1954.

Yadda abinci ke shafar maganin

Jiki ba ya ajiye bitamin K da yawa, sabunta shi yake yi yana sake amfani da shi. Warfarin yana toshe wannan sabuntawa. Idan majinyaci ya ƙara cin bitamin K kwatsam, maganin zai yi rauni, gudan jini na iya tasowa har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Idan ya rage ci sosai, maganin zai yi ƙarfi fiye da kima, sai a ga haɓo, jinin dasashi, baƙin bayan gida, ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Ana auna wannan da gwajin jini mai suna INR. Ga yawancin majinyata ana son sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3.

Nau'in K1 yana cikin korayen ganyaye, domin tsirrai na amfani da shi wajen sarrafa hasken rana. A Amurka an ƙayyade maikirogiram 120 a rana ga namiji, 90 ga mace, alhali rabin kofi na dafaffen alayyahon Turawa kaɗai ya haura 400. Dafuwa ba ta kashe shi.

A da an sha hana masu shan warfarin cin ganye gaba ɗaya, wanda kuskure ne da har yanzu ake maimaitawa. Shawarar likitoci a yau ita ce daidaito: mutum ya riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako, likita ya saita maganin a kan hakan. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin aiki ba ne, saboda alayyahu, rama, zogale da sauran ganyen miya suna yawaita da damina, sannan tsarin cin abinci yana sauyawa da azumi. Irin waɗannan lokuta ne ya kamata a ƙara yawan gwaji.

Mai da kitse

Bitamin K a cikin mai yake narkewa, don haka hanji ya fi tsotsarsa idan an ci ganyen da mai. Kwaɗon da aka zuba wa mai zai isar da bitamin ga jiki fiye da ganyen da aka ci gaya. Wasu mayukan ma su kansu suna ɗauke da shi: man waken suya da man kanola suna da yawa, man gyaɗa da man masara kaɗan ne. Sauya man girki, ko daina cin mai domin rage ƙiba, na iya motsa INR ba tare da majinyaci ya taɓa ganye ba. Haka ma maganin rage ƙiba na orlistat, da cututtukan da ke toshe hanyar matsarmama, da doguwar gudawa.

Sababbin magunguna

Apixaban, dabigatran da rivaroxaban ba su bi ta hanyar bitamin K, saboda haka ganye bai shafe su ba, ko da yake ana shan rivaroxaban mai miligiram 15 ko 20 tare da abinci. Amma ba su maye gurbin warfarin ga masu bawul ɗin ƙarfe ba. Binciken INVICTUS na 2022, wanda ƙasashen Afirka suka shiga, ya nuna cewa ga masu bugun zuciya marar tsari sakamakon ciwon zuciya na rumatizim, magungunan dangin warfarin sun fi rivaroxaban rage mace-mace.