Na Je Katagum Ta Asali, Ba Azare Ba



Ni a Sabon Shagamu aka haife ni, mahaifina fataken goro ne. Tun muna yara idan aka tambaye mu asali sai mu ce mu Katagumawa ne, alhali iyakarmu Azare, can ma sai da sallah. Wata rana wani tsoho a rumfar Baba ya tambaye ni, "Yaro, ka taɓa ganin Katagum ɗin da kake faɗa?" Na yi shiru. Kunyar nan ce ta sa da muka je gida bayan damina na kama hanya ni kaɗai.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, ƙaramar hukumar Katagum hedikwatarta Azare ce, shi kuwa garin Katagum hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki ne, wajen kilomita 70 arewa da Azare, a bakin kogin Jama'are. Gari ne shiru. Ga fadamu da tafkuna da ambaliya ta bari, ga masunta cikin kwale-kwale, ga gonakin shinkafa, ga goruba da tsamiya. Wanda ya saba da hayaniyar tashar Shagamu sai ya ji kamar kunnensa ya toshe.

To amma jama'a, wannan gari ba haka yake a da ba. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar. Ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, fadar Borno, ya ci ta, ko da yake bai daɗe ba Shehu Laminu ya sa ya janye. Ya rasu a 1814, daga baya Ɗankauwa ya hau gadon sarautar.

A zamanin Ɗankauwa ne, cikin Janairun 1824, Turawan Birtaniya biyu, Hugh Clapperton da Dokta Walter Oudney, suka sauka a garin a hanyarsu daga Borno zuwa Kano. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da birni mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya ƙiyasta mutanensa 7,000 zuwa 8,000, ana ciniki da wuri. Shi Oudney bai kai Kano ba, ya mutu a Murmur, ba nisa da Katagum. Wato a lokacin duk ayarin da ya bi wannan hanya a nan yake yada zango, kamar yadda iyayenmu suka yada zango a Kudu.

Me ya faru? Turawa suka karɓi ƙasar a 1903. 'Yan shekaru bayan haka aka mayar da fadar sarki Azare, a 1926 kuma aka haɗa masarautar da lardin Bauchi. Da mota ta gaji jaki da raƙumi, babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi ta Azare. Sarki ya tashi, hanya ta tashi, kasuwa ta bi su. Sunan ma ya bi su, aka bar wa garin kogi.

Shi ma kogin akwai magana a kansa. Tun zamanin Shagari aka fara aikin madatsar ruwa ta Kafin Zaki a kansa, aikin ya tsaya. Manoma da masunta na ƙasa, har zuwa dausayin Haɗejiya da Nguru, da ambaliyar nan ta shekara-shekara suke ci. In ruwa ya daina sauka, me ya rage?

Abin da na dawo da shi ke nan. Mu ma a Sabo goro da hanya ne suka tara mu, kuma duk mun ga yadda kasuwa ke juyawa. Gari ba ya tabbata don ya taɓa yin suna. Ƙannena yanzu Yarabanci ya fi zama a bakinsu, ban ga laifinsu ba, amma ba su san ko waye Malam Zaki ba. Don Allah duk wanda zai kai yara gida bana, kada ya tsaya a Azare. Tafiyar yini ɗaya ce, a je a dawo.

Na gaya wa tsohon nan na je. Ya yi dariya ya ba ni goro ɗaya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.