Aguwa da Tarihin Sunayenta

A ƙasar Sakkwato, daga Dogon Daji zuwa Tambuwal har Kebbe, manomi ya san aguwa sarai. Ɗan itace ne mai farin ruwa kamar nono, wanda a kan sari reshensa a kafa a ƙasa, ya kama, ya zama shingen gona. Sunanta na Hausa bai sāke ba, amma wanda masanan tsirrai suka ba ta ya sha juyi.

Asalin kalmar Euphorbia tsoho ne ƙwarai. Marubucin Rumawa Pliny ya ce Sarki Juba na Biyu, wanda ya mallaki Muritaniya ta dā a Afirka ta Arewa, shi ya raɗa wa wani tsiro mai nono sunan likitansa Euphorbus. A cikin shekara ta 1753 Linnaeus ya ɗauki wannan suna ya sa wa dangin duka. Cikinsu kuwa har da tinya da nonon kurciya.

Sa'an nan a 1789 William Aiton, mai kula da lambun Kew a Ingila, ya bayyana wani tsiro na tsibiran Kanari, ya kira shi Euphorbia balsamifera. A 1911 kuma N. E. Brown na Kew ya duba irin na Afirka ta Yamma, ya ga dabam yake, ya sa masa Euphorbia sepium. Ma'anar sepium da Latin ita ce "ta shinge", watau aikin da manoma suka ba ta shi ya zama sunanta. Da wannan suna Likita J. M. Dalziel ya fassara aguwa a cikin ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa, na 1916.

Daga baya sai masana suka haɗe su biyun, don sun yi kama. Sunan da ya riga fitowa shi ke rinjaye bisa ƙa'idarsu, saboda haka aguwa ta daɗe tana amsa sunan tsiron tsibiri. Sai a 2021 Ricarda Riina da abokan aikinta, bayan sun gwada ƙwayoyin halittar tsirran, suka nuna jinsinsu ba ɗaya ba ne, suka mayar wa ta Afirka ta Yamma sunan da Brown ya ba ta.

Wannan magana ta shafi malamai. Littattafai da yawa suna ɗauke da sunan tsibiri, kuma abin da aka faɗa game da ruwan tsiron Kanari ba lalle ya dace da aguwa ba. Mai koyarwa, in ya rubuta sunan Latin, ya kamata ya haɗa da na Hausa da garin da aka ji shi, gama sau da yawa sunan Hausa shi ne igiyar da ke ɗaure tsohon littafi da sabo. In ba a rubuta shi daga bakin dattawa ba, igiyar nan za ta tsinke.