Binciken kimiyya a wurin da aka aikata laifi: yadda aikin yake a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Binciken kimiyya kan laifuka fanni ne da ke tattara abin da laifi ya bari a baya, kamar jini, zanen yatsa, kwanson harsashi ko wayar salula, domin mayar da shi hujja a gaban alƙali. Tushensa ƙa'idar da ake danganta wa Edmond Locard, wanda ya kafa ɗakin gwaje-gwaje na 'yan sanda a birnin Lyon na Faransa a 1910: duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wata alama, ya kuma tafi da wata. Gwajin ƙwayoyin halitta na DNA ya biyo baya ne a 1984, daga binciken Alec Jeffreys a Jami'ar Leicester ta Ingila.

Aikin hannu biyu ne. Akwai jami'in da ke zuwa wurin, akwai kuma masanin da ke ɗakin gwaje-gwaje. Na farko shi ke killace wurin, ya ɗauki hotuna kafin a taɓa komai, ya auna tazara, sannan ya sa kowane abu a mazubinsa da lamba da kwanan wata. Tufafin da suka jiƙe da jini sai an shanya su a sa a takarda, domin leda tana ruɓar da su. Duk hannun da kayan ya bi sai an rubuta sunansa, domin giɓi ɗaya a wannan jerin ya ishi lauyan wanda ake tuhuma ya nemi kotu ta yi watsi da hujjar. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya bai wa kotu damar karɓar ra'ayin ƙwararru, sashe na 84 kuma ya tanadi sharuɗɗan hujjar da aka ciro daga kwamfuta ko waya.

A Kudancin Kaduna, yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf na 1992 da na bayan zaɓen 2011, babban abokin gabar mai bincike shi ne lokaci. Hare-hare kan auku da dare a ƙauyuka masu nisa da titi. Kafin jami'i ya iso, jama'a sun tattake wurin wajen neman 'yan uwansu, wasu sun tsince kwanson harsashi, ruwan damina kuma ya wanke sawu. Musulmi na gaggauta jana'iza bisa koyarwar addini, zafin rana da ƙarancin ɗakin ajiye gawa kuma kan sa a binne sauran a kabari ɗaya. Babu laifin masu makoki a nan; sai dai gawar da aka binne ba tare da likita ya duba ta ba ta tafi da amsoshi da yawa, ciki har da irin makamin da aka yi amfani da shi da lokacin mutuwa.

Abin da ya faru a Kajuru a Fabrairun 2019 ya nuna illar hakan. Gwamnan lokacin, Nasir El-Rufai, ya sanar da kashe mutum 66, daga baya adadin ya koma 130, wasu ƙungiyoyi kuma suka musanta. Jayayya irin wannan ita ce aikin ƙirga gawarwaki da tantance su a kimiyyance yake kashewa tun daga tushe.

Inda aikin ya fi kusa da talaka a Kafanchan shi ne shari'o'in fyaɗe. Cibiyar Salama da ke garin tana duba waɗanda aka ci zarafinsu, ta ba su magani, ta kuma rubuta rahoton likita da masu gabatar da ƙara ke dogaro da shi. Likitoci na son a kai wanda abin ya shafa cikin awa 72, kafin wanka ko wanke tufafi in da hali. Tun da jihar ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020 har da dandaƙa da kisa, ingancin wannan rahoto ya shafi wanda aka zalunta da wanda ake zargi baki ɗaya.

Masu shiga aikin galibi sun karanci kimiyyar sinadarai, ilimin halittu ko gwaje-gwajen asibiti, yayin da binciken gawa aikin likita ne da ya ƙware a fannin. Irin waɗannan likitoci sun fi yawa a asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Cibiyar gwajin DNA da Jihar Legas ta buɗe a 2017 kuwa tana da nisan ɗaruruwan kilomita daga Kafanchan.