Gani Ya Kori Ji: Nazari Kan Zaɓen Lasifika Mai Tsada

Idan Bahaushe ya ce gani ya kori ji, yana nufin shaidar ido ta fi labari. A kasuwar lasifika masu tsada kuwa maganar ta tabbata ta fuskar da ke cutar mai saye, domin ido ne ke ƙwace aikin kunne. Mutum zai shiga shago a Landan ko Dubai, ya ga akwati mai tsayin mutum yana sheƙi kamar sabuwar mota, a faɗa masa farashi, kafin a kunna komai ya riga ya yanke hukunci.

An gwada wannan. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman a Amurka sun sa mutane sauraren lasifika huɗu, sau ɗaya a bayan labulen da sauti ke ratsawa, sau ɗaya a fili. Da aka ɗage labule sai makin manyan masu tsada ya ɗaga, na ƙaramar mai araha ya faɗi, kuma gogaggun masu saurare ma ba su tsira ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne: a bayan labule, sauya wa lasifika wuri a ɗakin yana sauya makinta sosai, amma a fili da kyar makin ke motsi. Wato ido ya hana kunne jin bambancin da ke nan tabbas.

Toole ya soma wannan aiki ne a cibiyar bincike ta ƙasa ta Kanada da ke Ottawa. Abin da ya gano tun a shekarun 1980 shi ne masu lafiyar kunne, in ba su ga abin da suke saurare ba, galibi bakinsu kan zo ɗaya. Suna fifita lasifikar da ba ta ƙara wa wani sashe na sauti gishiri, wadda kuma sautin da take watsawa gefe da gefe yake kama da wanda take aikowa gaba. A 2004 Olive ya nuna cewa daga awon da aka yi a ɗakin da ba ya amsa kuwwa ana iya hasashen zaɓin masu saurare, da daidaito 0.86 a kan lasifika 70. Saboda haka kamfanin da ke neman kuɗin gida guda a kan lasifika biyu, amma yake ɓoye awonsa, ya cancanci a yi masa tambaya.

Me ya sa sautin gefe yake da wannan nauyi? Domin yawancin abin da ke isa kunne a falo ya riga ya bugi bango ko rufi ko daɓe. Ba banza ba wasu ke kiran lasifika amsa-kuwwa, sai dai ɗakin shi ne babban mai amsawar. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Sauti mai kauri da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa tsawon igiyarsa ya haura mita takwas da rabi, ya fi yawancin falo tsawo. Ɗaki mai tsawon mita biyar yana da kaɗawar kansa a wajen 34, da ninkinta. A nan sauti kan taru ya yi gunji a wata kusurwa, ya ɓace ɗungum a wata. Daga kaɗawa 200 ko 300 zuwa ƙasa, ɗakin ne ke mulki, ko nawa aka sayi lasifikar. Falonmu na yau, mai tayil a ƙasa da bangon siminti da manyan tagogin gilashi, yana cikin mafi wuyar sha'ani. Darduma mai kauri da labulaye masu nauyi da janye lasifika daga bango sukan yi gyaran da ƙarin miliyoyi ba zai yi ba.

Sai batun amfilifaya, na'urar da ke ba lasifika ƙarfin wuta. Kowane ƙarin desibel uku a ƙarar sauti na buƙatar ninka ƙarfin wuta. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya soma ƙerawa a 1946 a garin Hope na jihar Arkansas, tana ba da kusan desibel 105 da wat ɗaya. LS3/5a, ƙaramar da injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970 don motocin ɗaukar shiri, ba ta wuce wajen 83 ba. Tazarar nan na nufin ƙaramar na buƙatar ƙarfi fiye da ninki ɗari kafin ta kamo babbar, abin da ba za ta iya ɗauka ba ma. Duk da haka har yau ana ƙera ta ana rububinta, saboda yadda take fito da muryar ɗan Adam. Kowacce da ɗakin da aka yi ta dominsa.

To ina kuɗin ke tafiya? Wani kaso na tafiya ga aikin gaske. Focal ta Faransa na ƙera ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti da ƙarfen beriliyam, Bowers & Wilkins ta Ingila da lu'ulu'un da aka haɗa a masana'anta, Magico kuma na gina akwatinta da alminiyam don kada ya yi rawa tare da kiɗa. Ban raina wannan ba, domin akwatin da ke rawa yana ƙara muryarsa a kan ta mawaƙi. Amma amfanin bakin lu'ulu'u shi ne tura matsalarsa can sama da kaɗawa 20,000, iyakar jin yaro mai lafiya, wadda mai shekara hamsin ya daɗe da barinta a baya. Da Wilson Audio ta sa dala 685,000 a kan lasifikarta WAMM Master Chronosonic, ta shiga sahun agogon hannu na alfarma, inda ƙarancin kaya da aikin hannu ke yanke farashi. Akwai kuma abin da farashi ba ya faɗa: lasifika irin Quad ESL, wadda Peter Walker ya fitar a 1957, tana aiki ne da siririyar fata mai ɗauke da cajin lantarki, kuma caji na janyo ƙura. Mai zama inda hunturu ke busawa ya sa wannan a lissafi.

Ranar gwaji, a daidaita ƙarar lasifikokin da ake kwatantawa da na'urar awo, domin wadda ta ɗara ko da desibel ɗaya kunne zai ce ta fi. A zo da muryar da aka sani sosai, ta mai karatu ko mai labarai, don kunne ya fi saurin kama ƙarya a murya fiye da kiɗa. Wani ya riƙa sauyawa, mai saye ya rufe ido. Sannan a nemi dillali ya yarda a kai su gida na 'yan kwanaki, a saurare su daga kujerar da za a riƙa zama.