Damo da gansakuka a ƙasar Adar

Wanda ya duba goge da kyau ya san abin da aka rufe bakin ƙwaryarsa da shi: fatar damo ko ta guza, a jiƙa ta, a ja ta, a kafe ta har ta bushe. Da amon wannan fata masu goge suke kiran iskoki a wasan bori na Adar tun kafin Faransawa su kafa bariki a Tawa. Buƙata irin wannan, da ta maharbi mai neman nama, ba ta fi ƙarfin daji ba, don goge ɗaya fata ɗaya yake ci. Al'amarin ya canza a ƙarni na 20, lokacin da majema a Faransa da Italiya suka shiga sayen fatun damo da guza daga Afirka don takalma, jakunkuna da maɗaurin agogo. Daga nan dabbobin suka zama kuɗi. Gansakukar bakin tafkin Tabalak kuwa babu mai taya ta ko dala; ta bushe da rani, ta dawo kore shar da damina. Ina ganin farashi ne ya raba makomar damo da ta gansakuka.

Wani zai ce fari ne ya rage damo, ya kawo misalin 1973 da 1984. To, amma damo ai ɗan rani ne. Yakan shige rami ko suri ya yi watanni ba ci, yana rayuwa da kitsen jikinsa, shi ya sa aka naɗa shi sarkin haƙuri. Fari ta hannun mutane ya cim masa: yunwa ta ƙara mafarauta, gatari ya cinye kurmin da yake fakewa. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984, ya mayar da itatuwa a kan fako, sai dai ba a dasa damo kamar yadda ake dasa bagaruwa.

Wani kuma zai ce akwai doka. Akwai: yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa ido a kan cinikin waɗannan dabbobi tsakanin ƙasashe, Nijar kuma ta yi dokar farauta a 1998. Amma takardar izini a bakin iyaka take aiki. Ba ta ganin yaro da karensa suna haƙar suri, kuma idan macen da suka zaro tana ɗauke da ƙwai, haihuwar shekara guda ce ta tafi tukunya.