Fitilar a-kori-kura a hanyar Maigatari

Bayan an soma haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, a-kori-kura ta zama motar 'yan kasuwa. Ita ke kwasar mutanen Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ta dawo da dare da fitilarta mai rauni. Yanzu ƙwan LED ya shigo, direbobi na cewa da shi suke hango shanu a kan titi. Gaskiyarsu ce, amma madubin cikin tsohuwar fitila ba don ƙwan LED aka ƙera shi ba. In aka cusa masa LED sai hasken ya warwatsu, ya kashe idon mai babur da ke tahowa. Mai son canji ya sauya gidan fitilar dungurungum, bakanike ya saita ta ƙasa.