Bakassi: Zaman da Ya Biyo Bayan Hukunci

Ina yaro lokacin da Kotun Duniya da ke birnin Hague ta yanke hukunci kan Bakassi, ranar 10 ga Oktoba 2002. Abin da na riƙe daga wannan rana shi ne yadda dattawan layinmu a Briqueterie suka kewaye rediyo bayan magariba, babu mai fara'a. Kamaru ce ta yi nasara, amma a unguwarmu da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Kano, Yola ko Mubi. Idan Najeriya ta ƙi yarda aka gwabza, ina za mu sa kanmu?

Sai da na fara aikin rediyo, ina shirya wani shiri kan tarihin iyakar, na gane dalilin fargabarsu. An sha sa hannu a takarda a baya. A 1913 Birtaniya da Jamus suka shata iyakar. A watan Yunin 1975 Ahmadu Ahidjo da Janar Yakubu Gowon suka ƙulla yarjejeniya a Marwa kan iyakar ruwa, amma ba a cika wata biyu ba aka hamɓarar da Gowon, daga baya Najeriya ta ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da ita ba. Sojoji suka yi ta arangama, har Kamaru ta kai ƙara a 1994.

Kotu ba ta da sojan da za ta tura ya fitar da kowa, kuma Kofi Annan, shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya san haka. Shi ya sa tun a watan Satumba, kafin a san wanda zai ci, ya haɗa Paul Biya da Olusegun Obasanjo a kusa da Paris. Bayan hukunci, da Abuja ta fara tirjiya, ya sake haɗa su a Geneva, aka kafa kwamitin haɗin gwiwa ƙarƙashin Ahmedou Ould-Abdallah, ɗan Muritaniya. A nan Yawunde kwamitin ya yi zamansa na farko a Disamba 2002.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce yadda suka jera aikin. Ba su fara da Bakassi mai arzikin mai da kifi ba, sai suka nufi Tafkin Chadi, inda masunta, da yawansu Hausawa da Barebari, suka bi ruwa yana ja da baya har suka kafa garuruwa irin Darak a ƙasar Kamaru. A Disamba 2003 Najeriya ta miƙa ƙauyuka kimanin 30 a can, ita ma ta karɓi wasu wurare a kan iyaka. Kowane shugaba ya sami abin faɗa wa mutanensa.

Bakassi kuwa sai ranar 12 ga Yuni 2006, a Greentree da ke jihar New York, gaban shaidu daga Amurka, Birtaniya, Faransa da Jamus. Sojojin Najeriya su fita cikin kwana 60, hukumominta na farar hula su ƙara shekara biyu a wani sashe, Kamaru kuma ba za ta kori mazauna ko ta tilasta musu sauya ƙasa ba. Majalisar dattawan Najeriya ta yi watsi da yarjejeniyar a 2007, duk da haka aka kammala miƙa yankin a Kalaba ranar 14 ga Agusta 2008.

Mu a Briqueterie mun tsira, fatake suka ci gaba da kai da komo tsakaninmu da Kano. Masuntan Bakassi ne suka ɗauki nauyin. Ba su cikin masu sa hannu a Greentree, kuma dubbansu sun tattara komatsansu suka koma jihohin Kuros Riba da Akwa Ibom, inda aka shafe shekaru ana ta cece-kuce kan wurin da za a tsugunar da su.